Kafin Kaset Akwai Spear: Silimar Da Iyayenmu Suka Sa A Aljihu

Mai karatu, in aka tambaye ka daga ina tarihin kallon fim ya faro a ƙasar Hausa, na san amsar da za ka bayar. Za ka ce majigi, wadda aka riƙa yawo da ita gari-gari tun zamanin En'e. Za ka ambaci gidajen silima na Kano, su Rex da Palace da Plaza da El Dorado, da finafinan Indiya da na kaboyi da aka riƙa haskawa a cikinsu. Daga nan sai ka yi tsalle ka dira a kan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ka ce to ga mafarin namu na kanmu. Duk ba ka yi ƙarya ba. Amma akwai matakala guda da ka tsallake, kuma ba laifinka ba ne, domin ita ba a bango aka haska ta ba, ba kuma a kaset aka sayar da ita ba. A takarda take. Sunanta African Film, jaruminta kuwa Lance Spearman, wanda aka fi sani da Spear.

Yau shekara shida ke nan ina bin wannan mujalla ina tarawa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kala a gonar gyaɗa. Abokaina a nan Babban Mutum har sun laƙaba mani suna, wai "mai kiwon gara". Ba na jin haushi, don na san abin da mamaki: matashi ɗan zamanin YouTube, wanda sana'arsa sharhin finafinai, ya riƙa ƙarar da kuɗin motarsa a kan takardun da sa'annin mahaifiyarsa ne. To, yau ina so in gaya maka dalili, wataƙila kafin mu rabu kai ma ka fara yi wa tsohuwar adakar gidanku wani irin kallo.

Bari mu fara da ita mujallar. Kamfanin Drum ne ya riƙa buga ta, wato kamfanin Jim Bailey mai shahararriyar mujallar Drum da aka kafa a Afirka ta Kudu a 1951. African Film ta fara fitowa a 1968, ta riƙa zuwa mako-mako har 1972, fitowa sama da 150. Ba zane ba ne irin na barkwancin jarida. Hotuna ne na mutane na gaske, baƙi da fari, aka ɗauka da kyamara, aka jera su a shafi gida-gida, maganar kowa kuma aka rubuta ta da Turanci a cikin ɗan kewaye kusa da bakinsa. In ka buɗe sai ka ga kamar an kama fim ne da hannu an shimfiɗa shi a takarda. Wani ɗan jaridar Amurka, Stanley Meisler, ya rubuta a 1969 cewa ana sayar da kwafi wajen 100,000 a Afirka ta Yamma, 45,000 a Afirka ta Gabas, 20,000 a Afirka ta Kudu. Ka tuna fa lokacin Nijeriya na tsakiyar yaƙin basasa. Ka kuma tuna halinmu: kwafi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne, na unguwa ne. Farashin da ke bangonta da sule aka rubuta shi, domin ta daina fitowa kafin naira ta shigo a farkon 1973.

Shi kuwa Spear ɗan gayu ne na ƙarshe. Kwat, ɗan taye mai siffar malam-buɗe-littafi, malafar Turawa, siririn gashin baki, sigari a gefen leɓe, ga motarsa Corvette Stingray. Mai binciken masu laifi ne, ya iya dambe, ya iya harbi. Yana da mataimakiya, Sonia, wadda ke tashin ƙato da ƙafa ɗaya. Da yaro Lemmy, gwanin harbi da danƙo. Da abokinsa ɗan sanda, Kaftin Victor. Bos ɗin da ya fi addabar sa shi ne Rabon Zollo mai ido ɗaya. Duk wanda ya san finafinan James Bond, waɗanda suka fara da Dr. No a 1962, zai gane inda aka samo samfurin. Bambancin shi ne launin fata. A silimar wancan lokaci, in ka ga baƙin mutum a fim ɗin Turawa, galibi kaya ne a kansa yana bin Bature a daji. Sai ga wani baƙi kamar kai, shi ke tuƙa motar, shi ake kira in abu ya gagara, shi ke yin nasara a ƙarshe. Ko fim ɗin Shaft na Amurka, da ake yabo a kan jarumi baƙar fata, sai a 1971 ya fito. Spear ya riga shi.

Ta yaya irin wannan abu ya iso Babban Mutum, gari a bakin iyakar Nijar, a ƙaramar hukumar Ɓaure ta yau? Ta hannun 'yan mota. Kawuna, babban yayan mahaifiyata, yaron mota ne a 1969, a wata babbar mota mai jigilar gyaɗa daga ƙasar Daura zuwa Kano, lokacin ana gina dalar gyaɗa. Bai yi boko ba, allo ya yi. In an sauke kaya an ba shi ɗan abin da ya samu, kafin ya ci abinci sai ya fara neman mai jarida. In ya dawo gida, garin da ba lantarki, ba silima, majigi ma sai an yi sa'a, da dare samari su kewaye shi a gindin fitilar ƙwai, shi yana buɗe shafi yana ba da labari.

Na taɓa tambayar sa, na ce, "Kawu, to kai da ba ka jin Turanci, ta ina kake sanin abin da suke faɗa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. Ya ce, "Ɗan nan, in ƙato ya zare ido ya nuna ka da bindiga, sai an kira maka tafinta ya gaya maka ba gaisuwa yake yi ba?"

Wannan amsa ta fi mani darussa da yawa da na zauna a aji lokacin ina difloma a Katsina. Kuma shaidarta na nan a rubuce. A gefen shafukan da yawa daga cikin kwafen da ya ba ni, akwai rubutun ajami da alƙalami da tawada, inda ya riƙa sa wa mutanen magana da Hausa don kada ya manta yadda ya faɗa jiya. Wani ɗan makaranta ya gaya masa ma'anar sunan jarumin, shi ke nan Spear ya koma Mashi. Lemmy ya zama Ɗan Auta. Zollo kuwa Mai Ido Ɗaya, wani wurin ma Dodo. Wani lokaci in na kwatanta Turancin da ajamin sai in ga sun yi hannun riga: a Turance jarumin na maganar lu'ulu'un da aka sace, a ajamin Kawu kuwa gādon marayu ne aka cinye. Amma ka bi hotunan da labarin Kawu, wallahi ba inda ya yi tuntuɓe. Ya ɗauki Bond ɗin baƙar fata ya mayar da shi tatsuniya, kuma hoton bai ƙi ba.

Ka ga ke nan abin da masu fassarar finafinan Indiya irin su Algaita suke yi yanzu da kwamfuta da makirufo, wani yaron mota ya yi shi da baki da tawada shekara hamsin da wani abu da suka wuce. Bahaushe bai taɓa zama ɗan kallo mai naɗe hannu ba. Duk abin da aka kawo masa daga waje, sai ya sa masa riga da hula kafin ya bar shi ya zauna a zaure. Masu cewa 'yan fim ɗinmu ne suka fara wannan ɗabi'a da wankiyar finafinan Indiya, su zo in nuna masu takarda.

Yanzu bari in sa hular sana'ata, in gaya maka abin da mai sharhin fim ke samu a cikin wannan tsohuwar zuma. Wanda ke shirya labari da hotuna marasa motsi ba shi da kiɗa, ba shi da murya, ba shi da waƙar da zai cike gurbi da ita. Shafi ƙalilan gare shi, kowane shafi hoto kaɗan. Dole kowane hoto ya biya kuɗin wurin da ya zauna. Ɗauki misali: hoto na farko hannu ne a kan mariƙin ƙofa. Na biyu fuskar mace ce ta waiwayo. Na uku bindiga a ƙasa, kusa da takalmi. Ba a nuna maka an buɗe ƙofa ba, ba a nuna maka faɗan ba, amma ka gan su. A ina ka gan su? A cikin ɗan farin layin da ke tsakanin hoto da hoto. Nan ne mai karatu ke yin nasa aikin. Wannan shi ne sirrin aikin edita a fim: sanin abin da za a cire, a bar ƙwaƙwalwar ɗan kallo ta ƙarasa.

To, ka kwatanta da abin da muke gani a yawancin finafinanmu masu dogon zango. An yi rikici a gidan Alhaji, mun gani da idonmu. Sin na gaba, Hajiya ta ɗauki waya ta kira ƙawarta ta ba ta labarin rikicin tun daga farko. Sin na gaba kuma ƙawar ta zauna a falo ta maimaita wa mijinta. Minti ashirin sun tafi, labari bai motsa ko taku ɗaya ba, kyamara na tsaye wuri guda kamar an dasa ta. Ba na musun cewa mu mutanen magana ne, kuma daɗin zance na cikin abin da ya riƙe masu kallo a shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina. Amma fim gani ne, kuma Bahaushe da kansa ya ce gani ya kori ji.

Saboda haka na ƙirƙiro wa kaina wani ma'auni da nake kira gwajin Kawu. Kafin in rubuta sharhin kowane fim, nakan zaɓi sin biyu ko uku in kashe sauti ɗungurungum, in kalla. In wanda bai san labarin ba zai iya gane wa ke son wa, wa ke tsoron wa, wa ke ɓoye wani abu, to darakta ya yi aikinsa. In kuwa abin da ya rage mutane biyu ne a kujera bakinsu na motsi, to wasan kwaikwayon rediyo ne aka ɗauka da kyamara. Tsofaffin finafinan Indiya sun ci wannan gwaji, shi ya sa iyayenmu suka yi kuka a silima ba tare da sun san kalma goma ta Indiyanci ba. Ka gwada da kanka a daren nan da fim ɗin da ka fi so, ka ga abin da zai rage.

Kada ka ɗauka maroƙin Spear na zama. Mai tara abu in bai iya faɗin aibinsa ba, to ba masani ba ne, mai son zuciya ne. Abu na farko: samarin Kano da Legas da Nairobi da suka riƙa ɗaukar Spear a matsayin ɗan garinsu, ba a gaya masu daga ina ya fito ba. Wanda ya fito a matsayinsa, Jore Mkwanazi, mutumin Afirka ta Kudu ne, da can yaron gida ne a Durban, yana kuma kaɗa piyano a gidan rawa da dare. Marubuta 'yan Afirka ne ke rubuta labaran, ciki har da ɗaliban jami'a a Lesotho, ana ɗaukar hotuna a Swaziland, wadda ta koma Eswatini a 2018, a aika Landan a haɗa shafuka. Kamfanin kuwa na Bature ne, a ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Shi ya sa birnin Spear ba shi da suna, ba shi da siyasa, ba a ganin ɗan sandan da ke tambayar baƙin mutum takardar izinin shiga gari. An sayar wa Afirka mafarkin 'yanci daga inda 'yancin ya fi ƙaranci. Masanin nan Bajamushe, Matthias Krings, wanda ya yi bincike a kan finafinan Hausa ma, ya yi nazari a kan wannan a 2010, inda ya nuna irin waɗannan mujallu a matsayin share fagen finafinan bidiyo na Nijeriya.

Abu na biyu: Spear mashayin giya ne, mai son mata, kuma mujallar ba ta ɓoye haka ba, ado ma ta ɗauke shi. Kawu ya ce a cikin rumbu yake ɓoye nasa, don in mahaifinsu ya gani sai dai toka. Kuma tsohon yana da hujjarsa. Abin lura shi ne, gardamar da aka yi a gidanmu a 1969 ita ce aka sake yi a kan littattafan soyayya a shekarun 1990, aka sake yi a kan rawa da waƙa a finafinai a shekarun 2000, ake kuma yi yau a kan TikTok. Kowane zamani gani yake shi ne farkon lalacewa. Wanda ke da takarda a hannu ne kaɗai zai iya cewa, ku dakata, ga abin da kakanninku suka karanta, ga abin da ya cutar, ga abin da ya amfanar. In babu takardar, sai shaci-faɗi, kowa ya ƙera wa jiya irin fuskar da yake so.

Kwafi 38 Kawu ya ba ni a 2019. Yau ina da 64, wato ban ko kai rabi ba. Sauran na samo su ne a wurin tsofaffin malaman makaranta da tsofaffin sojoji a Daura da Zango da Katsina, da masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Sabon Garin Kano da Zariya. Sana'ar tana son haƙuri da iya gaisuwa. Ba ka shiga gidan dattijo ka ce ka zo sayen takarda. Sai ka zauna, ka sha ruwa, ka ambaci sunan Zollo kamar da wasa. In ka ga fuskarsa ta washe, ya gyara zama, to akwai labari. Sai dai amsar da na fi ji ita ce, "Kash, ai da ka zo bara!" Ko dai gara ta cinye, ko rufin ɗaki ya yi yoyo da damina, ko yara sun kai wa mai ƙosai, ko kuwa maigidan ya rasu, magada suka raba gona da awaki, takardu kuma aka share aka cinna masu wuta.

Ina da wani littafin rajista inda na jera lambobi tun daga 1, kowace lamba da layinta: a ina na same ta, a hannun wane irin mutum, shafi nawa ya ɓace, akwai rubutu a gefe ko babu. Layukan da ba komai a gabansu sun fi masu rubutu yawa. Ke 'yar'uwa mai karatun littattafan hikaya, kin san wannan ciwo. Kin karanta na ɗaya da na biyu, an tsaya daidai inda amarya ta buɗe wasiƙa, sai a ce na uku yana hannun wata da ta yi aure ta tafi da shi Damagaram. Haka nake ji duk lokacin da na duba rajistar nan.

Ga abin da na koya game da adanawa, ko zai yi maka amfani. Kada ka aje takarda a ƙasa ko jikin bangon ƙasa. Ka sa a adakar ƙarfe, ka ɗora ta a kan bulo. Ka zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki, ƙwari ba sa son sa. Kada ka liƙe yagaggen shafi da salatif, domin bayan 'yan shekaru yakan bar tabo ya cinye rubutun. In ƙarfen da aka ɗinke tsakiyar mujallar ya yi tsatsa, cire shi a hankali ka ɗinke da zare. Kada ka shanya a rana, inuwa mai iska ta isa. Kowace ka sa ta a rigarta daban, ka kuma buɗe adakar ka duba a farkon damina da ƙarshenta. Duk wannan bai kai kuɗin katin waya na mako guda ba.

A wasu ƙasashen wannan abu ilimi ne mai zaman kansa. A Amurka, Albert Kanter ya fara buga manyan littattafan adabin duniya cikin zane a 1941, jerin da aka sani da Classics Illustrated, ya kai littafi 169 kafin ya tsaya a 1971. An sake buga kowanne sau da yawa, har masu tarawa suka gano dabarar sanin shekarun kwafi: sai su duba jerin sunayen da ke bayan bango, lamba mafi girma da ke wurin ita ke nuna lokacin da aka buga shi. A Indiya, Anant Pai ya kafa Amar Chitra Katha a 1967 saboda ya ga yaran ƙasarsa sun fi sanin tatsuniyoyin Girka a kan nasu. Jerin ya haura littafi 400. Nan kusa da mu ma, tsallaken iyaka, 'yan makarantar Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa sun tashi da mujallar zane mai suna Kouakou, wadda ta rayu daga 1966 zuwa 1998. Don ka san inda abin ya kai, a 2024 an sayar da kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1, na 1938, inda Superman ya fara bayyana, a kan dala miliyan 6. Sabonsa santi 10 ne.

Ba don kuɗi na kawo wannan ba, ko da yake kuɗin sun taɓa ƙwanƙwasa mani ƙofa. Wani mai sayen kayan tarihi daga kudu ya ji labari, ya yi mani tayin da zai ishe ni sayen kyamarar da na daɗe ina mafarki. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na je wa Kawu da maganar, ya ce, "Na ba ka, naka ne. Amma in ka sayar, ka tambaye shi ko ya iya karatun ajami." A nan maganar ta mutu. A wurin mai sayen, rubutun gefen nan lahani ne da ke rage farashi. A wurina kuwa shi ne kayan. Turancin ne ƙari. Akwai kwafen African Film masu tsabta a wasu wurare a duniya, amma wanda Mashi ke ƙwato gādon marayu a cikinsa, a adaka ɗaya yake.

Akwai wata matsalar da ta fi ta kuɗi wuya, ita ce aro. Wannan mujalla don yawo hannu-hannu aka yi ta. In na kulle ta na hana kowa taɓawa, na tsare jikinta na kashe ranta. In kuma na bayar, ka san yadda aron littafi yake a wurinmu: ya tafi ke nan. Mafitar da na samu ita ce na ɗauki hoton kowane shafi da waya, duk mai so in tura masa kyauta. Ranar Juma'a da yamma kuma yaran unguwa kan taru a ƙofar gida, in buɗe masu ta ainihi a hannuna, ban fassara masu komai ba, in ce su ba ni labarin. Ka zo ka ji abin da yaro ɗan shekara tara ke iya ginawa daga hoto shida. Daraktocin gobe na nan, ba su ma sani ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka kai tsaye, mai karatu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mujallar da ake buga dubu ɗari duk mako ta zama abin nema da fitila cikin shekara hamsin. Me kake tsammani zai faru da namu, da ake bugawa dubu biyu ko uku a takarda mai araha? Ina fitowar farko ta mujallar Tauraruwa ta 1998, ko ta Fim ta Maris 1999? Wa ke da kaset ɗin Sangaya ko Wasila da kwalinsa da fostarsa? Wa ke da bugun farko na In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu? A 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da kundin sunayen ɗaruruwan littattafan hikayar Hausa da aka buga tsakanin 1987 da 2002. Ka ɗauki kundin ka shiga kasuwa ka ga guda nawa za ka samu. Abin kunya ne a ce jikanmu sai ya nemi bizar Ingila kafin ya karanta abin da kakarsa ta rubuta a Kano. Mun yi ta ƙorafi da aka ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano a 2007, kuma mun yi daidai. Amma abin da gara da sakaci suka ci a ɗakunanmu ya ninka abin da wutar nan ta ci.

Kada kuma ka ce ai yanzu komai na waya. Littafin da aka rubuta a WhatsApp yana tafiya ne tare da wayar da aka sace a kasuwa. Fim ɗin da ke YouTube kaɗai yana rataye ne a kan tashar da za a iya rufewa dare ɗaya. Takardar Kawu ta yi shekara hamsin a rumbu da adaka ta fito da ranta. Nuna mani memori ɗin da ya yi goma.

Burina bai tsaya a cike rajista ba. Ina so in ga ranar da za a sami jerin littattafan hoto na Hausa masu lamba a bango, suna fitowa wata-wata: lamba 1 Bayajida da Daurama a bakin rijiyar Kusugu, sannan Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Iliya Ɗan Maiƙarfi, Tauraruwa Mai Wutsiya, har a gangaro kan marubutanmu na yanzu, da izinin masu haƙƙi. Muna da 'yan wasa, muna da masu ɗaukar hoto, kyamarar da ke aljihunka ta fi wadda aka ɗauki Spear da ita. Furodusan da ba shi da kuɗin fim zai iya farawa daga nan, ya koyi ba da labari da ido kafin ya ƙona jarin mutane a lokeshan.

Kafin wannan rana ta zo, ga ɗan aikin da ba ya buƙatar gwamnati ko attajiri. A makon nan ka nemi izinin Baba ko Inna ka buɗe tsohuwar adakar nan da ke ƙarƙashin gado. Duk abin da ka samu, mujalla ce, littafi ne, kaset ne, fosta ce, ka kakkaɓe, ka rubuta sunansa da shekararsa. Sannan ka zauna da mai shi ka tambaye shi a ina ya saya, da wa ya karanta, wa ya hana shi. Ka yi wannan tun yana da bakin ba ka amsa, domin takarda takan jira, mutum ba ya jira. In kuwa a cikin tarkacen ka ci karo da wani ɗan gaye mai malafa da siririn gashin baki, don Allah kada a kai wa mai ƙosai. A aiko da saƙo ta hannun Edita, akwai layin da ke jiran sa a Babban Mutum.